Sunan da Gwaggo Taibatu Ba Ta Faɗa

Gwaggo Taibatu ƙanwar mahaifina ce. A Damaga aka haife su, cikin gidan Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, har Hausa ta fi zama a bakinsu. Aure ne ya kawo ta Morai, gidan Malam Ɗanlami manomin shinkafa. Tun ina ƙarama da fura na san ta. Kowace Talata takan ɗauki ƙwaryarta ta shiga motar Mafara, ta zauna kusa da masu albasa, kuma ba ta dawowa da saura.

Ɗanta na fari shi ne Mukhtar, amma ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Haka muka gada a gidanmu: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi kuma kaka ke ɗauka. Shi ma a Damaga ya tashi wurin kakarmu. In ya zo gaishe ta yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon turmi. In ya zama dole ta ambace shi, "wanga yaro" take cewa, har bayan ya yi gemu ya auri Hanifa 'yar Bakura.

Wata ranar kasuwa yana dawowa daga Janbako 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta. Gawarsa aka kawo gida.

A zaman makoki Gwaggo ba ta zauna kan tabarma ba. Tana madafa, tana tuƙa tuwon baƙi, tana tambaya ko mutanen Maradun sun samu ruwan alwala. Mata suka yi ta nuna ta suna cewa ga mace mai tawakkali, ga wadda ta riƙe tarbiyyar gidansu. Kowa ya zo sai ya ce mata sai haƙuri, ta ce haƙuri ya zama dole, a wuce wurin. Hanifa ta gama takaba ta koma Bakura, gida ya yi tsit.

Daga nan ne Gwaggo ta fara ƙarewa a tsaye. Barci ya guje ta, abinci ba ya wuce mata wuya, ƙirjinta yana zafi kamar an zuba garwashi. Sai ka same ta riƙe da taɓarya, gero na cikin turmi, ta manta abin da ya kawo ta. Ta daina zuwa kasuwa. An sha maganin gyambon ciki, an auna hawan jini, an yi tofi an sha rubutu, zanenta dai kullum ƙara yi mata yawa yake. Mahaifina ya fara faɗa a hankali cewa in aka ci gaba haka, ba za ta ga damina ba.

Ni nake raka ta asibiti a Mafara, don ni ce mai karanta takardar magani. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe ta ce jikin Gwaggo lafiya lau yake, damuwa ce ke cin ta, kuma akwai wata Malama Mufida da ta karanci wannan fanni, tana zama da mutane su yi magana.

Muka shiga. Malama Mufida ba ta kai Mukhtar shekaru ba. Ta gaishe da Gwaggo gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da gajiya da mutanen Morai, ta bi a hankali har aka zo kan rasuwar. Sai ta ce, "Inna, yaya sunansa?"

Gwaggo ta miƙe, ta gyara lulluɓinta, ta fita. A mota ta yi ta faɗa a kan malamar nan. Wai boko ya cinye mata kunya, wai ko ba ta da uwa a gida ne da za ta gaya mata abin da ake tambayar babba. Malam Ɗanlami da ya ji labari har daɗi ya ji, don dama ana cewa ɗakin nan na masu taɓin hankali ne.

Talata na zagayowa sai ga Gwaggo a ƙofar ɗakinmu da sassafe, ta ɗaura zanen unguwa, ta ce in tashi mu tafi. Malam Ɗanlami ya biyo ta har zaure yana cewa mutane za su ce matarsa ta taɓu.

"Su ce," in ji ta. "Da suka ce ni dutse ce, barci na samu? Tun da abin ga ya faru kowa haƙuri yake ba ni. Ba wanda ya tambaye ni komai a kansa sai marar kunyar can. To, sai na ji ƙarshen tambayarta."

Malama Mufida ta ba ta haƙuri, ta ce ta san al'adar amma ta yi gaggawa. Ta ce a bar sunan a inda yake, Gwaggo ta gaya mata dai abin da yaron yake so ya ci. Na ɗauka Gwaggo za ta sake fita. Can ta ce fura mai citta da yawa, wadda ba a dama ta da ruwa-ruwa ba.

A ɗakin nan na ji abin da babu wanda ya sani a danginmu, ni da nake ganin na haddace labarin gida. Ashe lokacin da ƙyanda ta kama shi yana yaro, ta je Damaga da sunan neman nono, ta tsaya bayan danga tana sauraron numfashinsa, ta juyo ba ta shiga ba. Ta san tabon da maraƙi ya yi masa a ƙafa. Duk furar da take aika wa kakarmu, takan ƙara curi biyu masu citta a gefe, ba ta ce na wane ne ba.

Ba a rana ɗaya aka samu sauƙi ba. Wata Talatar takan dawo ta kwanta, ta fi yadda ta tafi nauyi, mahaifina ya ce a daina tono abin da aka binne. Ita ce ke cewa a'a. Ran da kuka ya zo mata, Malama Mufida ba ta ce ta yi shiru ba, ruwa kawai ta miƙa mata. Ta koya mata yadda za ta ja numfashi in ƙirjin ya taso, ta sa ta koma daka ko da kaɗan ne. Barci ya fara dawowa guntu-guntu. Wata rana Malama Mufida ta tambaye ta ko akwai wanda yake kewarsa kamar yadda take yi.

Tambayar nan ce ta kai mu Bakura wurin Hanifa. Tsakanin suruka da matar ɗan fari ma akwai kunya, don haka Hanifa ta rasa inda za ta sa kanta da ta ga Gwaggo ta zauna bakin gadonta ta buɗe ƙwaryar fura mai citta. Da Hanifa ta kurɓa sai hawaye. Ta ce yakan ba ta labarin curi biyun nan, yakan ce tun yana yaro ya san wanda ake ƙara wa. Gwaggo ta sa ta maimaita maganar. Suka zauna har la'asar, ni ina tsakar gida.

Yanzu Gwaggo ta koma wurinta kusa da masu albasa, zanenta ya fara kama jikinta. In ta ji wata ta rasa wani, takan bari mutane su watse, ta je ta tambaye ta yadda mamacin yake. A gaban jama'a har gobe "wanga yaro" take cewa, kuma ba ta yarda a zagi al'adar ba. Amma a hanyarmu ta dawowa daga Bakura ran nan, ta kamo hannuna ta ce, "Ke mai riƙe zancen gida, in yaran baya suka tambaye ki, ki gaya musu Mukhtar ɗana ne, kuma ina son shi."

Sai ta leƙa gaba ta ce wa direba ya bi ramukan nan a hankali, kada ya fasa mata ƙwarya, ranar Talata tana da kasuwa.