Dokar da ta mai da Stoimen gida

Shekara goma sha tara Stoimen Gaidarov ya yi yana jan tirela a titunan Turai, kuma in ka tara kwanakin da ya kwana a gidansa na Harmanli, wani gari a Bulgariya, da ƙyar su cika shekara biyu. Direbobi Bai Stoimen suke ce masa, wato Yaya Stoimen a yarensu, don furfura ta riga ta cinye gashin bakinsa. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, bai kuma taɓa ɓoye shi ba: kada ranar da ya ajiye makulli ya tarar ba shi da wuri a gidan da ya gina da guminsa.

Ranar da Bulgariya ta shiga Tarayyar Turai har rawa ya taka a dandali, shi da matarsa Velichka. An ce iyaka ta buɗe. Ta kuwa buɗe. Tumatir ya wuce, firij ya wuce, shi ma ya wuce. Albashi ne kaɗai ya maƙale a gida. Kayan Bajamushe yake ɗauka, a kan titin Bafaranshe, a biya shi kuɗin Harmanli. Direban Beljiyam da ke tsayawa kusa da shi ya ninka shi uku a albashi, ga shi kuma yana harararsa wai ya zo ya karya musu kasuwa. Kai, duniya! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai ya yi wata uku, wata huɗu a kan mota. Ran Lahadi ya buɗe akwatin gefen tirela, ya kunna risho, ya dafa wake da miyar tattasan da Velichka ta ɗura masa a kwalba, ya shanya wanki a jikin madubi. 'Yarsa Desi, ta waya ya ji ta shiga makaranta, ta waya ya ji ta gama. Bikinta kaɗai ya samu, shi ma da takalmin aiki ya shiga coci. Yanzu tana Sifen tana jinyar tsofaffin wasu.

Can sai manyan Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai, suka tuna akwai mutum a bayan sitiyari. Shekaru suka yi suna ja-in-ja. Na yamma suna cewa a kare ma'aikaci, na gabas suna cewa ƙarya ne, so ake a kore mu daga kasuwa. Kowa da gaskiyarsa, kuma ba wanda ya taɓa cin wake a gefen titi. Daga ƙarshe dai doka ta fito: duk bayan mako huɗu, dole kamfani ya ba direba hanyar zuwa gida.

Kolyo, abokin tafiyarsa, shi ya kawo labarin yana dukan ƙofar mota.

"Bai Stoimen, fito, an 'yanta ka! Brussels ta ce ka je ka ga tsohuwarka."

"Allah ya sa ta gane ni."

"Haba! Wa zai manta wannan hancin?"

Stoimen ya yi dariya, amma har cikin ransa ya yi murna. Ya sayo wa Velichka turare a tashar mai.

Watan farko Velichka ta gasa banitsa, burodinsu mai cuku, maƙwabta suka shigo aka sha giyar gida da suke kira rakiya. Wata na biyu wake ya tarar a tukunya. Wata na uku ya ce bari ya yi aikin maigida. Ya nemi guduma, bai san inda take ba. Ya je gyara ƙyauren lambu, ashe tun bara ta kira kafinta. Ya ɗauki almakashi zai yi wa inabi aski, ta leƙo ta taga.

"Stoimen, don Allah bar shi. Za ka kashe mini shi."

Ba muguwar mace ba ce, kada wani ya zage ta a gabana. Ita ta yi jinyar uwarsa, ita ta binne ta yana can Rotterdam ana sauke masa kaya. Ita ta hau tsani da rufi ya yi yoyo. Ta yi jira har jiran ya gaji da ita, sai ta tsara rayuwarta: aikinta a gidan burodi, ƙanwarta ran Laraba, wasan talabijin da yamma. Gidan ya zauna daram ba tare da shi ba. Ya gani da idonsa, abin ya yi masa ciwo, ba kuma wanda zai kai ƙara.

Zuwansa na biyar sanyi ya shigo sosai. Da la'asar ya iso, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar kowa, sanyin daɓen ya ratsa shi har ƙashi. Ya duba ƙarƙashin benci inda silifansa suke zama. Wayam.

Velichka ta sunkuya kan kwandon da ake ajiye silifan baƙi, ta zaɓo masu ruwan toka, ta ajiye a gabansa.

"Ina nawa?"

"Naka? Ai sun tsage tun bara, na jefar."

"Ba ki sayo wasu ba?"

Ta dube shi da mamaki na gaske, ba gatse ba ne.

"Wallahi bai zo mini a rai ba. Sa waɗannan mana, shekaranjiya mai duba mita ya sa su, ƙafarku ɗaya."

Ya zura ƙafa. Sun yi masa daidai. Ya bi ta zuwa falo, ya zauna a bakin kujera, hularsa a kan gwiwa.

Daga kicin ta ɗago murya.

"Yaushe ne komawa? Don in san burodi nawa zan kawo."

"Litinin."

"To, biyu sun isa," in ji ta.