Kwalba Biyu a Ƙoƙo Ɗaya

Na sha wuya kafin in samu shiga gwajin maganin nan, kuma da na shiga ɗin ma ban huta ba.

Lokacin Gwagwalada kasuwar doya ce kawai da mahaɗar hanya, ko zancen kawo babban birni nan ba a fara ba. Ni da keke nake ci. In ɗaure gishiri da kananzir da ashana a baya, in bi ƙauyukan Gwari ina sayarwa. Sai wata ƙishirwa ta kama ni wadda randa guda ba ta kashewa, ga yawan fitsari. Mai ɗakina ce ta fara lura kiyashi na taruwa inda na tsuguna. Ban kula ba, sai da fedar keke ta yanke ni a babban yatsan ƙafar dama, ciwon ya yi wata biyu bai rufe ba. Ƙanen mahaifina da yatsa ya fara, ya ƙare da dungun ƙafa. Mai keke kuwa in babu ƙafa, ta ƙare masa.

Malamin disfensari ya zuba fitsarina cikin wani ruwa shuɗi, ya kara a wuta, ya koma ja kamar ƙasar gini. Ya ce suga ne, shi kuma ba shi da komai sai aidin da bandeji. Amma ya ji wani likita daga babban asibiti can arewa yana zagayowa duk mako biyu, yana neman masu irin ciwona don gwada wata sabuwar ƙwaya, kuma yana wanke gyambo kyauta. A ina? Bai sani ba. Sau biyu ina hawa bayan motar doya zuwa garin Abuja na da, wanda yanzu ake ce wa Suleja, a ce mini ya tafi jiya. Ashe mutumin a ɗakin makarantar da ke bayan kasuwarmu yake tsayawa.

Kyautar ce ta fara tsaya mini a rai. Tun da nake ban taɓa ganin mai farar riga ya biyo talaka har gida da alheri ba.

Akawun likitan wani Bayarabe ne mai furfura da tabarau. Ya turo mini takarda da tawada.

"Baba, dangwala a nan."

"Oga, in dangwala a kan me? Gonata ko jinina?"

"Jini kaɗan ne muna ɗiba. Gonarka ba ruwanmu."

Ya yi mini bayani, ban ce bai yi ba. Ƙwayoyin iri biyu ne, tsohuwa da sabuwa, kamarsu ɗaya. Da ƙuri'a ake rabawa. Kowa da kwalbarsa mai lamba, kuma abin da ke cikinta an rubuta an liƙe a ambulan, ko likitan bai sani ba. Na ce a raina, likitan da bai san abin da ya ba ka ba, wane irin likita ne? Na dubi layin, ga malaman makaranta biyu da agogo a hannu. Nan na yanke cewa ta gasken tasu ce, mu alli za a ba mu. Duk da haka na dangwala, don a ranar aka wanke mini yatsan da kyau, abin da ba a taɓa yi ba.

A benci ɗaya muka zauna da wani dattijon Bafulatani, rugarsu na bakin rafi, hanyarmu ta komawa ɗaya. Ina ce masa Baffa, yana ce mini Kaɗo. Da rana ta take muka tsaya gindin ɗorawa, na kwance ƙuli-ƙulina, ya fito da ƙoƙon nononsa, muka haɗa kamar yadda matafiya ke yi. Ba ka cin guzurinka abokin tafiya na kallo. Muna ci ya ɗaga kwalbarsa yana hasko ta a rana.

"Kaɗo, ka ji abin da mai tabarau ya ce? Wata ta gaske, wata oho."

"Na ji. Kai da ko takalmi ba ka da shi, ka san wadda aka ba ka."

"Kai naka takalmin na tayar mota ne, ba ka fi ni ba. To in ɗayanmu ya dace fa? Ya warke, ɗayan ya zuba masa ido?"

Ya ɗauraye ƙoƙon nonon, ya goge da gefen riga. Muka juye kwalaben biyu a ciki, ya cuɗa da yatsa, muka raba daidai. Na koma gida ina jin na yi wa masu boko wayo. Duk zuwa haka muke yi, har sau uku.

A zuwa na huɗu likitan ya kwance bandejin, ya danna gefen ciwon, ya kai hanci. Bakin ciwon ya fara baƙi. Na ga fuskarsa ta canza.

"Kana sha yadda aka ce?"

"Ina sha, ranka ya daɗe."

"Daga kwalbarka, safe da yamma?"

"Safe da yamma."

Ya ce yatsan nan ba zai jira wani mako biyun ba. Gobe yana nan har azahar, zai buɗe ambulan ɗina. In tsohuwa nake sha, ya san abin da zai ƙara. In sabuwa ce, to ba ta karɓe ni ba, zai tsayar da ita ya ɗora ni kan allura. Abin da takarda ta faɗa shi zai bi.

Na fito ina tura keke. Takardar nan ƙarya za ta yi masa, kuma ni na sa ta. Abin da ke cikina ba ya cikin ambulan ɗin kowa. In na yi shiru, zai yi wa ƙafata magani a kan abin da ban sha ba. In na faɗa, me zai hana su goge sunana, su ce ɗan ƙauye ya ɓata musu aiki? Wa zai ƙara wanke mini yatsan?

Bayan la'asar na gaya wa mai ɗakina tana tsince shinkafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, kai kake cewa za su cuce ka. To ga shi ka riga su."

"Wa ya ce miki ba alli ba ne duka biyun?"

"In alli ne, ai sai ka je ka faɗa, ba ka yi asarar komai ba."

Har yau ban yarda likitan nan bai san abin da ke kwalaben ba. Ban kuma san inda suka kai jinina ba. Amma ƙafar tawa ce, ba tasa ba.

Da na idar da asuba na sa kwalbar a aljihu, na hau keke ina taka fedar da dunduniya har ruga. Na tarar da Baffa ana tatsar shanu. Na ce ya ɗauko kwalbarsa da ƙoƙon nan.

"Kaɗo, tona mana asiri za ka yi?"

"Hau, Baffa. Ka riƙe ni da kyau, ƙafa ɗaya gare ni."

Mu muka fara isa ƙofar makarantar. Da akawun ya iso da jakar takardunsa, na tare shi tun bai sa mabuɗi ba, na miƙa masa ƙoƙon.

"Oga, kada a buɗe ambulan ɗin nan tukuna. Kira mini likita."