Shekarar da Mash Barat Ya Zurfafa Wuƙa

Kafin tsufa ya kama shi, sau ɗaya Mash Barat ya taɓa barin duwatsunmu na Zagros, lokacin da ya je ziyara Mashhad, ya dawo da "Mash" a gaban sunansa da ciwon ƙafa. Tun daga nan ake kuma ce masa Mashti. Ban da wannan, shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana durƙuso a gindin gavan. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Gavan ba abin kallo ba ne. Tsiro ne mai ƙaya, a dunƙule, kife a ƙasa kamar kwando, ko akuya sai ta rasa abin yi take kai masa baki. Arzikinsa a saiwa yake. Idan ƙanƙara ta narke, fure ya zube, zafi ya kankama, sai mutum ya tone gindin, ya tsaga saiwar da gajerar wuƙa. Bayan kwanaki ƙaron da muke kira katira ya tsattsafo, ya bushe fari fat. Wuyar aikin ita ce sanin inda wuƙa za ta tsaya. Da zarar farin ɓargon saiwar ya leƙo, sai a janye hannu. In aka wuce nan, ƙaro zai yi ta zuba, amma tsiron ba zai ga baɗi ba.

Gangare uku Mash Barat ya gada. Kowace shekara ɗaya yake tsagawa, biyu su huta. Wanda ya fi ji da shi shi ne Gangaren Rana, inda tsofaffin gavan suke, waɗanda kakansa ma a manya ya tarar da su. Irin wannan girman ba a shekara goma ko ashirin ake kai shi ba. 'Ya'yansa duk sun tafi Isfahan aiki, bai cika ambatonsu ba, amma in ka tsokano zancen gangaren nan sai shayinka ya huce bai gama ba.

Ga raina aikin mutane. A gidan shayi yakan ɗauki katiran Nowruz, wani matsagin gavan sa'ansa da ake wa laƙabi da Kal, ya ɗaga a haske ya ce, "Kal Nowruz, wannan da gatari ka sara, ko jakinka ne ya taya ka?"

Nowruz ya ce, "Ajiye mini kayana, Mashti. Kai ai ko a kabari sai ka gyara wa masu tono."

Da tsufa ya kama shi, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye. Matarsa Golbas, wadda yake kira Nane Sohrab, wato uwar ɗansu Sohrab, ita ce ta gane, ranar da ya tsiyaya shayi a kan shimfiɗa, kofin na gefe. Shekarar kuwa ta faɗo a kan Gangaren Rana.

Ta katanga na ji tana cewa, "Mashti, bana ka bar Nowruz ya tsaga maka. Ko kuma gangaren ya ƙara hutawa, ba inda za shi."

Ya ce, "Nowruz? Gara in saki awaki a ciki. Hannuna ya san hanya, Nane Sohrab. Ke dai ɗaure mini burodi da cuku."

Hannun ya san hanya kam, amma ba shi ke ganin farin ɓargo ba. Da ya tsaga bai ga alamar ba, sai ya ƙara danna wuƙa kaɗan don ya tabbatar. Haka ya bi ƙasan gangaren gindi bayan gindi.

Ba a taɓa ganin ƙaro irin na tsintar farko ba. Jaki biyu suka sauko da shi. Aka taru ana yabo, shi kuwa yana zaune yana shafa gemu. Nowruz ya ɗauki ɗan tsinke ɗaya, ya juya shi, ya ajiye, bai yi barkwancin da ya saba ba. A hanya ya ce da ni, "Wannan jini ne, ba ƙaro ba."

Na ce, "To ka faɗa masa, Kal Nowruz."

Ya ce, "Faɗa masa kai. Ni zai ce hassada ce."

Ban faɗa ba. A lokacin bai kai ga saman gangaren ba, da an yi magana da rabi ya tsira. Muka bar shi ya hau ya ƙarasa, don ba mai son ya zama wanda ya gaya wa Mash Barat cewa ba ya gani. Har yau ina jin kunyar shirun nan.

Da ƙanƙara ta sake narkewa, lokacin fure ya yi, ya ce a kai shi sama. Idon ya kusan rufewa duka. Golbas ta riƙe masa hannu, ni ina jan jaki da kayan shayi. Gangarorin maƙwabta sun yi ja-ja da fure. Nasa kuwa toka-toka, daga ƙasa har ƙoli.

Ya zauna a kan dutse ya ce, "Nane Sohrab, ya yi fure?"

Ta dube ni, ta ce, "Ya yi, Mashti. Har can sama."

Ya karkata kai gefe, ya kasa kunne. Can ya ce, "To ina ƙudan zuma? Ga kukansu can wajen Nowruz. Nan ban ji ko ɗaya ba."

Ya rarrafa ya lalubi gindin da ke kusa da shi, ya kama reshe, reshen ya karye ƙaras a hannunsa. Ya matsa na gaba, shi ma haka. A na huɗu ya daina. Ba mu haɗa wutar shayin ba.

Da kaka ɗansa Sohrab ya zo ya ɗauke shi zuwa Isfahan, aka kankare masa idon, aikin da bai kai awa guda ba. Ya dawo yana gani tar, har yana zura wa Golbas zare a allura. Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Daga ƙofar gidansa ana hango Gangaren Rana sarai, sai ya mayar da shimfiɗarsa bayan gida, inda ba abin kallo sai garken tumaki.