Ranar da Malam Ya Kai Mu Bakin Dam

Jiya na ji jikata tana haddar "go, went", sai ƙamshin laka ya dawo mini, tare da fuskar malaminmu na Turanci a Maradun.

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye ƙauyenmu, na daina magana a aji. Babana har ya ce zai cire ni daga makaranta, tunda bakina ya mutu. Malam ya roƙe shi ya ƙara haƙuri.

Wata safiya ya jera mu zuwa bakin dam. Ruwan yana ƙyalli kamar madubin amarya, kawunan itatuwa suna leƙowa daga cikinsa.

Ya ce, "In abu ya wuce, Bature yakan liƙa wa kalma -ed a wutsiya. Wasu kalmomin kuma taurin kai gare su, sai sun canza riga." Sannan ya juyo gare ni. "Ɗiyata, ina gidanku?"

Na nuna kan wata tsamiya.

"To, gaya muna abin da kuka yi can."

Na ce, "We lived there. Inna cooked there. I went to the well."

Ya cire hularsa ya ɗaga sama. "Kun ji ta? Har mai taurin kan ta kamo!"

Da la'asar ya raka ni gida, ya sa na maimaita a gaban Baba. Baba bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya share ido ya ce, "Gobe ki yi sammako."

Allah Ya haskaka kabarin Malam, Ya shayar da shi ruwan Alkausara.