Fuskar da Malam Garba Ya Zaɓa Mini

Ranar Laraba da hantsi ina tsakiyar darasi Malama Rabi ta leƙo ta taga ta ce, "Malama Hajara, hito." Ban ga fuskarta sosai ba, amma muryarta ta ishe ni. Kwale-kwalen da ya taso daga kasuwar Dole Kaina jiya da la'asar ya kife, kuma Malam Garba, mai kula da ɗakin kwamfutar makarantarmu, yana ciki. Da safe masunta suka tsamo shi, jakarsa na rataye a wuyansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan faɗi abin kunyata tun da wuri. Abin da ya fara faɗo mini a rai ba matarsa Hadiza ba ce, ba kuma 'ya'yansa uku ba. Tsoro ne ya kama ni, na ce a zuciyata, yanzu wa zai taɓa kwamfutata?

Malam Garba mutumin Geza ne, ya girme wa ɗalibanmu, ni kuma na girme shi da nisa. Shi ya riƙa ƙetara iyaka yana tsinto mana kwamfutocin gwanjo daga Benin, masu madannan Faransanci, ya zauna ya liƙa wa kowane harafi takarda. Ya sa musu Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Kowace na'ura kuma ya manna mata takarda a baya, ya rubuta ciwonta da maganinta. Yakan ce, "Ni ba dawwama zan yi ba, kada wanda ya biyo bayana ya zage ni."

Da aka zo zaɓen abin da zai riƙa bayyana a allon kwamfutocin, ya tara mu malamai ya ce, "Injin guda na, huskoki ne daban-daban." Ya nuna mana mai tambarin ɓera, marar nauyi, wadda tsohuwar na'ura ke ɗauka ba nishi. Ya nuna mai tambarin tafin ƙafa, mai manyan gumaka da cin ƙarfi. Duka muka zaɓi ɓera, har da ni, domin ta fi kama da abin da muka saba.

Washegari kowa ya tarar da ɓeransa. Ni kaɗai na tarar da tafin ƙafa.

Waɗanda suka san bakina sun san abin da ya biyo baya. Na ce masa, "Garba, shekara nawa ina koyar da adabi kahin ka iya ɗaura wando? Ni za ka ba allon 'yan rainon yara?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ki yi mani haƙurin sati guda. In ba ta yi maki ba, in cire ta."

Ban yi haƙurin ba. Na kai ƙararsa wurin shugabar makaranta, na kira shi mai taurin kai, na ƙara da wasu kalmomin da nake roƙon Allah Ya shafe. Ya tsaya gabanta ya ce laifinsa ne. Bai faɗi dalili ba, bai kuma cire ba.

Ga dalilin. Shekara biyu ke nan idanuna suna mutuwa. Likita ya ce ba za su dawo ba. Na ɓoye wa kowa, don na san ranar da aka sani za a fara yi mini maganar hutu, ni kuwa in aka raba ni da aji da littafi ban san me ya rage ba. Haddace shafi nake yi, in riƙe littafin a gaban yara kamar mai karantawa. Garba ne kaɗai ya lura da yadda nake kai rajista har bakin hancina.

A wannan fuska da na zage shi a kanta, rubutu fari ne a kan baƙi, manya-manya. In na danna madannai uku, shafi ya kumbura ya cika allon. In na gaji, na sa abin kunne wata murya ta karanta mini. Ya juya teburina ya ce wai hasken taga ne ke damun na'urar, alhali don kada a ga allona ne. Da ta riƙa jan ƙafa saboda nauyi, ya ciro ƙwaƙwalwa daga tasa na'urar ya ƙara mata, ya ci gaba da fama da tasa tana rarrafe. Ko sau ɗaya bai ce mini "idonki" ba. Ni kuma girman kai ya hana ni ce masa na gode.

Bayan addu'ar uku aka sanar da mu cewa ranar Litinin za a turo wani ya karɓi ɗakin, zai kuma mayar da na'urorin duka iri ɗaya. Na shiga ɗakin, na juya kwamfutata, na shafa takardar da ke bayanta. Layuka nake gani, ba haruffa ba. Na daɗe tsaye kafin na kira Rabi.

"Karanta mani wagga takarda."

"Ke da kanki, Malama? Ina tabaranki?"

"Rabi, ba ni gani."

Ta sunkuya ta karanta: "Wannan ta Malama Hajara ce. Kada a canza mata fuska. Kada a tambayi dalili."

To, Garba, ka rufa mini asiri har ka shiga kabari da shi. Yau ni na buɗe da kaina, domin ba zan bari a tuna ka da taurin kan da na laƙa maka ba. Har yanzu ina tsoron Litinin, ina tsoron abin da shugaba za ta ce in ta karanta wannan rubutu. Amma zan je in zauna a teburina, in faɗi dalilin da bakina.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Garba, Ka karɓi shahadarsa, Ka haskaka masa kabarinsa. Yadda ya suturta ni, Ka suturta shi ranar da asirai za su tonu. Ka ba Hadiza haƙuri, Ka raya marayunsa bisa imani, Ka haɗa su da masu lura irin ubansu. Ni kuma Ka yafe mini harshena. Amin.