Rikodar Ƙasimu Mai Kukuma

Duk wanda ya ci kasuwar Wudil a shekarun da kuɗin man fetur suka fara ambaliya ya san Ƙasimu mai kukuma. Gajere ne, mai saurin hawa, ko gaishe shi ka yi sai ya nemi dalili. Amma in ya ɗora izga a kan tsirkiya, dillalan shanu kan bar ciniki su juyo. Da kukumar nan ya yi aure, da ita ya rufa wa ɗakinsa kwano.

Sai gayyata ta fara ja baya. A yi biki a Indabo, a yi suna a Dagumawa, shi sai dai ya ji labari bayan an watse. Ƙasimu ya ce asiri ne makaɗan birni suka yi masa. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, mutanen gari sun koyi raɗa. Da ya doso majalisa sai ya ga bakuna na motsi, murya ƙasa-ƙasa. Har matarsa Saudatu ta bi sahu, magana ciki-ciki kamar mai ɓoye wani abu.

Shekarar ƙarin albashin Udoji, da kowane ma'aikaci ya rataya rediyo a kafaɗa, shi ma ya sayi rikoda mai kaset wurin Bilya mai gyaran rediyo a bakin tasha. Nufinsa ya riƙa gwaji a gida, ya saurari kansa, ya fito da sabon kiɗan da zai ba maƙiya kunya. Bilya ya manna ɗan makirfo a jikin ƙoƙon kukumar da salatif, ya ja waya ya soka a rikodar.

"Ka danna jan nan ka yi kiɗanka, Baba. Abin da ka ba ta, shi za ta mayar maka."

"Ɗaga murya, kai ma raɗar ka koya? Ba ragi ba ƙari?"

"Wallahi babu!"

Ƙasimu ya dube shi sheƙeƙe. A wurinsa, mai saurin rantsuwa da abin da yake ɓoyewa.

Da hantsi ya zauna a tsakar gida, ya goga wa izga ƙaro, ya yi kiɗan da ya fi ji da shi. Ya mayar da kaset baya, ya kunna, ya ji shiru-shiru. Ya murɗa maɓallin murya har ƙarshe, ya kara kunne. Abin da ya fito karkataccen kiɗa ne, tsirkiya a sake, sai ka ce kukan ƙyaure mai tsatsa.

"Na faɗa!" in ji shi. "Sun haɗa baki da yaron nan."

Ya koma tasha yana kumfar baki. Bilya ya sauya batir, ya sauya kaset, ya sauya waya, kiɗa dai na nan a karkace. Ƙasimu ya dawo ya shirya wa rikodar tarko. Ya ɗauki kukan akuyarsu, ya fito akuya sak. Ya ɗauki luguden Saudatu a turmi, ya fito daram. To wace irin na'ura ce wannan, da za ta faɗi gaskiya a kan akuya ta yi wa makaɗi ƙarya?

Nan tsoro na gaske ya shige shi. Rikoda tana da abin ƙara murya, kukuma ba ta da shi. Da kunne ake ɗaure tsirkiya, da kunne yatsa ke sanin mazauninsa. Makaɗin da kunnensa ya tafi, me ya rage masa?

Ya kira Saudatu, ya zaunar da ita a tabarma, ya kunna mata. Ido ya zuba mata, yana jira ta zabura ta ce wannan ba kiɗan mijinta ba ne. Ba ta zabura ba. Ta saurara kamar yadda ake sauraron abin da aka saba ji kullum, sannan ta sunkuyar da kai.

"Haka nake yi?"

Ta gyaɗa kai, hawaye ya cika mata ido.

"Kowa ya sani?"

Ta sake gyaɗawa.

"Tun yaushe, Saudatu?"

Ta ɗago ta ba shi amsa. Ya ga leɓenta na motsi, ya ga har jijiyar wuyanta ta tashi. Hannunsa ya kai kan maɓallin rikodar yana murɗawa, kafin ya tuna ba daga nan muryar take fitowa ba.