Tambayar Kaka Dije

Ranar wata Asabar bayan hutun Sallar Layya, ina aji shida a makarantar 'yan mata ta unguwar Sharafiyya a nan ƙasa mai tsarki, malamarmu ta ba mu labarin wani shugaban Amurka. Ta ce kafin yaƙin basasarsu ya yi alkawarin ba zai taɓa bauta a inda ta riga ta kafu ba, zai dai hana ta yaɗuwa, don kada ƙasa ta tsage. Ta yaba masa ƙwarai. Yarinyar da ke bayana ta zungure ni da biro, ta raɗa mini "abda", wato baiwa. Ni kaɗai ce baƙa a layinmu, sai na sunkuyar da kai.

Da na koma gida na tarar da kakata Dije a soron bene tana ɓarar gyaɗar da take soyawa ta sayar a bakin titi. Na zauna ina taya ta, ina zuba mata darasin da iyayi, na ɓoye zagin. Hannunta ya tsaya cak. "To, waɗanda ke cikin bautar fa? Ya ce su jira?" Na ci gaba da ɓarar gyaɗa. A ranar ta faɗa mini zancen Tanko, ƙanenta. Da ƙafa suka taho hajji suna yara, iyayensu suka rasu a hanya, da suka sauka daga jirgin ruwa jagoran ayarinsu ya sayar da shi. Har aka yi shelar 'yanta bayi a ƙasar nan ba ta ji ɗuriyarsa ba. Ta ce, "Aka ce halas, wato an gama. Ni dai ba a kawo mini nawa ba."

Sai na gane abin da ya sa duk Juma'a take jana zuwa unguwar Bagdadiyya, tana tare kowane baƙin dattijo, ta leƙa kumatunsa ko za ta ga tsaga uku irin tata. Da can kunya nake ji, in yi nesa da ita kamar ban san ta ba. Wannan abu har yau yana cin raina.

Yanzu a unguwar Safa nake zaune, 'ya'yana da Larabci suke amsa mini, gyaɗa kuwa a leda muke saye. Kaka ta rasu ba ta ga Tanko ba, kuma da wuya yana raye. Duk da haka, in na haɗu da baƙin dattijo, kumatunsa nake fara dubawa.